Ranar da Sha-Taɓo Ta Ƙi Tashi

Da aka sauko daga masallacin Juma'a, rabin unguwar bai koma gida ba. Gidan marigayi Ɗanmaliki Direba aka nufa, don yau ne za a tayar da Sha-Taɓo. Ango Maharbi ma yana cikin ayarin, ko da yake shi ba mota ce ta kawo shi ba. Ya ji an ce an yanka rago.

Duk wanda ya yi wayo a Bagudo kafin a zuba kwalta ya san Sha-Taɓo. Tsohuwar Landiroba ce koriya, wadda Ɗanmaliki ya yi ta jigila da ita tsakanin Bagudo da Tsamiya har a tsallaka Sagbana ta ƙasar Benin, a lokacin da damina kan mayar da hanyar nan kunu. Da ya rasu aka tura ta garkar da ke gefen gidan, gindin mangwaro, kaji suka gaje ta. A kujerar direba suke ƙwai, awaki kuma suna shan inuwa a ƙarƙashinta.

Tana nan har ranar da 'ya'yan suka taru za su sayar da ita ga masu sayen tsohon ƙarfe. Surukin gidan, Lauwali, makanike ne mutumin Sagbana, shi ke auren Asma'u. Ya leƙa inji, ya shafa, ya ce wannan ba gawa ba ce, barci take yi. Tun daga ranar gidan ya zama gareji. Kowane ƙarshen mako Sufyan, babban ɗa, zai baro ofishinsa na Birnin Kebbi da bidiyon gyaran mota cike da waya. Ƙanensa Shamsu zai rufe shagonsa na Kamba ya taho da duk ƙarfen da ya ga ya yi kama da na Landiroba. Lauwali zai goyo Asma'u a babur su keto iyaka. Ita ta ɗinke kujeru, jikoki suka kankare tsatsa, uwar gidan kuwa, Inna Tasallah, ta riƙe tukunya. Damina biyu aka yi a haka.

To, yau ga ta nan tana sheƙi, an tokare murfin inji da sanda kamar yadda aka bar shi tun safe. Liman ya yi addu'a aka shafa. Sufyan ya hau, ya yi bismillah, ya murɗa makulli. Inji ya yi gurnani, ya yi gurnani, bai kama ba. Ya sake. Yara suka daina tsalle.

Lauwali, wanda isowarsa ke nan a babur yana zufa, ya kutsa ya ɓalle wani murfi baƙi a gefen injin. Ya daɗe yana kallon ciki.

"An cire rota," ya ce.

Ba kowa ya gane ba, sai da Sufyan ya yi bayani. Wata 'yar aba ce da ba ta wuce babban yatsa ba, ita ke raba wuta ga fulogai, in babu ita ko aljani ba ya tayar da motar. Kuma ba a samun irinta a kasuwa. Wata da watanni aka yi ana cigiya daga Sakkwato har Kandi kafin a dace da wannan. Da hantsin nan Lauwali ya ɗaura ta, a gaban kowa.

Nan take garka ta cika da alƙalai. Wani ya ce ai ya ga Ibrahim Khalil mai sayen tsohon ƙarfe yana shawagi a bayan katanga. Wani ya ce wannan aikin wanda ya san inji ne. Shamsu kuwa, da ma zuciyarsa a kusa take, ya juya ya dubi surukinsu.

"Kai, Lauwali, ina kat tahi? Ban gane ka cikin sahu ba."

"Na yi sallata inda niy yi ta."

"Awo. Mutum guda yas san abin ga, shi yaɗ ɗaura shi, shi kaɗai na babu masallaci. A ce mota ta mutu, a sai mai da ita arha, shi ƙetare da ita Sagbana. Mu na wawayen?"

Subhanallahi. Magana in ta fita ba ta komawa. Lauwali ya goge hannunsa da tsumma a hankali, idonsa ya kaɗa.

"Yaya Sufyan, ka jiya. Wallahi in rana ta hwaɗi da sunan ɓarawo bisa kaina, na hau babur ɗina, kuma ƙahwata ba ta ƙara taka gidan ga. Asma'u ta zaɓa."

Asma'u tana bakin ƙofar cikin gida da tire a hannu. Ango ya dube ta, sai ya ji naman ragon ya fita ransa. Wannan yarinya a gabansa aka haife ta, ga shi za a raba ta biyu saboda abin da bai kai yatsa ba.

"Kowa shi tsaya inda shike!" ya daka tsawa. "Kun tattake mini ƙasa kamar garken shanu. Ku hita ɗaya-ɗaya, ta gehen katanga."

Ba wanda ya yi musu. Ango ya tsufa yana bin sawu, daga na gada har na shanun sata, kuma an san bai cika dawowa hannu rabbana ba.

*

Da garka ta yi fili, ya tuɓe takalmansa ya tsuguna. Tsakiyar wurin kam ta lalace, sawun liman a kan na mai shayi, na mai shayi a kan na yara. Amma gaban motar, ƙarƙashin hancinta, da ɗan lungun da ya bi jikin katanga zuwa ƙofar cikin gida, jama'a ba su taka ba. A nan ya ga abin da ya ba shi mamaki. Babu sawu ko ɗaya. An share wurin tas.

Shara ce irin wadda bai saba gani ba. Mai shara yakan ja tsintsiya dogon zango yana tafiya. Wannan kuwa gajeru ne, a lanƙwashe kamar jinjirin wata, ɗaya a bayan ɗaya. Kusa da ƙofa, inda sharar ta ƙare, ya ga 'yan ramuka uku a ƙasa da shaidar noti mai kusurwa shida. Shaidar noti a wurin gyaran mota ba labari ba ne, ya kusa wucewa. Sai ya ƙara ganin irinta a gindin tayar gaba, rabi tsintsiya ta cinye, ita ma da 'yan ramukanta. Ya duba ko zai ga notin, bai gani ba.

Ya kira Sufyan. "Wa yas share nan?"

"Shara? Kawu, ba a shara garkar ga. Doka ta." Duk da halin da ake ciki sai da Sufyan ya yi murmushi. "Bara Asma'u ta share, tat tahi da wani ɗan noti na kafireta. Wuni munka yi muna tankaɗe juji da rariya, unguwa na yi muna dariya. Tun ran nan ko jinjiri ya san ba a shigo da tsintsiya nan."

"Da kunka tahi masallaci, wa kunka bari?"

"Mata na cikin gida wajen girki. Yara dut mun tahi da su. Ƙohwar waje kuwa sakata ta kawai, kowa na iya turawa."

Asma'u ta rantse ba ita ba ce, ko za a ba ta Bagudo da abin da ke cikinta ba ta ƙara share wurin nan. Ta kama hannun rigarsa tana hawaye.

"Kawu, don Allah kak ka hwaɗa ma Inna rantsuwar Lauwali. Mun ce mata dai an ɗauke rota, mota ta ƙi tashi. Ka san hawan jininta."

Ya ce ya ji. Sannan ya zagaya bayan katanga.

*

A nan kam ƙasa ta yi magana da babbar murya. Ga sawun takalmin roba, ƙafar hagu ta fi cin dunduniya, ya zo ya tsaya, ya jawo wani bulo, ya hau. Ango bai sha wahala ba, sawun ya kai shi har rumfar Ibrahim Khalil, inda ya tarar da shi a tsakanin matattun injinan ban-ruwa da gwangwanaye, yana ta auna abin da ba ya buƙatar awo. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Baba Ango! Ni wallahi ban shiga ba!"

"Wa yac ce ka shiga? Sallama niy yi."

"Leƙe kawai niy yi."

"Leƙen mi?"

Ibrahim Khalil ya sunkuyar da kai. Shi ne ya taya motar tun farko, da aka hana shi ya bi rumfuna yana cewa in Sha-Taɓo ta tashi a aske masa gemu a tsakiyar kasuwa. To, da ya ji yau ce yau, hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ya tsaya kan hanyarsa ta masallaci ya hau bulo ya gani ko da gaske ne.

"Da nig gane ta tana walƙiya, Baba, sai da hawaye yaz zo mini. Cikinta anka kai uwata asibiti za ta haihe ni. Gemun banza, a aske."

"Da kal leƙa, an share gaban motar?"

"Shara? A'a. Ga ɓawon gyaɗa nan ko'ina."

Ango ya riga ya san mutumin bai tsallaka ba, don a kan bulon yatsun ƙafa ne kawai suka danna, kuma kan katangar babu inda ƙasa ta goge. Amma ya samu abin da ya zo nema: an yi sharar ne bayan maza sun tafi.

"Ka zo gidan bayan la'asar," ya ce. "Ka taho da gemun."

*

Saura babur. Tayar bayan babur ɗin Lauwali irin ta ƙetare ce, zanenta kamar ƙashin kifi, ga faci a gefe guda. Ango ya bi ta cikin rairayin lunguna yana ɗingishi yana tsaki, don gwiwarsa ba ta son tafiyar rana. Zanen bai nufi hanyar iyaka ba kamar yadda Shamsu zai so. Ya karkata ya shiga tashar da motocin Tsamiya ke sauke fasinja, ya tsaya a gaban rumfar Atika mai abinci.

"Sannu da rana, Atika. Baƙon Sagbana ya tsaya nan?"

"Ya tsaya, Baba. Tun hantsi shina jiran motar Tsamiya, sai da anka yi kiran salla taz zo. Nan masallacin tasha yay yi Juma'a, ga direbobi nan ka tambaye su." Ta rage murya. "Ya bar ajiya, amma ya ce kak kowa shi gani sai mota ta tashi."

"Ni ba kowa ba na. Kawo."

Ta jawo wani buhu daga ƙarƙashin benci. Ango ya kwance bakinsa, ya leƙa, sai ya zauna a bencin ba shiri. Hon ne na tagulla mai baki biyu, an goge shi har yana ɗaukar ido. Ya san shi kamar yadda ya san muryar uwarsa. Wannan hon in ya yi kuka daga nesa, mata kan ɗora tukunya, don sun san Ɗanmaliki ya dawo da mazajensu. An daɗe ana cewa ya ɓace. Ashe yana Sagbana, in ji Atika, wurin wani tsohon abokin marigayin, yaron nan ya bi diddigi har ya karɓo.

"Kai, Shamsu, Allah shi shirye ka," Ango ya faɗa a fili. Daɗi ya kama shi, takaici ma ya kama shi. Ya saɓa buhun a kafaɗa, ya ce wa Atika in mai ajiya ya yi faɗa a turo masa shi.

A hanya ya yi ta juya maganar. Ba ɗan ƙarfe ba ne, ba suruki ba ne. Ɓarawon waje in ya ɗauki abu gudu yake yi, ba ya tsayawa neman tsintsiya. Wanda ya yi sharar nan ya san za a kira mai bin sawu, kuma ya san wane ne za a kira. Sannan ya ja sharar har ƙofar cikin gida.

*

Ya ajiye buhun a zaure ya yi sallama ciki. Inna Tasallah taubashiyarsa ce, ɗan kawunta ne, don haka tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da an taɓa juna ba. Ya same ta a gindin murhu a kan 'yar kujerarta ta tsugunno, wadda ciwon baya ya sa ba ta rabuwa da ita, tana raba nama a kwanuka. Fuskarta fes, kai ka ce ba a gidanta aka yi sata ba.

"Ga bawana ya zo," ta ce. "Ƙamshin nama yaj jawo ka, ko ka gano ɓarawon?"

"Uwargijiyar da ba ta iya miƙewa ta tarbi baƙo? Tashi ki ba ni kujera, ni ad da ciwon gwiwa."

"Ga tabarma can. Maharbin da bai kashe ko ɓera ba bana, shi za a ba kujera?"

Ya zauna a tabarmar. Ta tura masa kwano, bai ƙi ba.

"Tasallah, ba ki ji motsi ba cikin garka lokacin salla?"

"Ina ni ina jin motsi, ga daka ga suya? Su dai yi haƙuri. Abu in ya ɓace sai a nemi wani. In an ɗau wata shida ana nema, ai ba gudu motar za ta yi ba." Ta juya miya. "Kai dai ka samo mini zabi biyu Juma'a mai zuwa. Yaran nan na son zabo."

"Juma'a mai zuwa? Na ɗauka yau aiki yaƙ ƙare, kowa shi kama gabanai."

Ludayin ya ɗan tsaya a cikin tukunya, sannan ya ci gaba.

"Yo ai bai ƙare ba," ta ce.

Ango ya tauna namansa a hankali. Ya dubi tsintsiyar da ke jingine a bayanta, gajeruwa, irin ta mai shara a zaune. Ya dubi ƙafafun kujerar, amma zanenta ya rufe su ruf, kuma duk abin da take so sai ta aiki jika ya miƙo mata. Sai wani tsohon abu ya faɗo masa a rai. Ya taɓa bin Ɗanmaliki Sagbana, da Tasallah a gaban mota za ta biki. Da suka sauka, direban ya buɗe inji ya ciro wani ɗan abu ya miƙa mata, ta ƙulle a bakin zane. Ya ce haka yake yi duk inda mota za ta kwana, don makulli kowa na iya ƙerawa.

Dariya ta taso masa, tausayi ya danne ta. Ya wanke hannu ya miƙe.

"Bayan la'asar ki hito garka. Da ke za a yi."

"Mi za ni yi cikin maza?"

"Gidanki na. Ki taho da kujerarki, ba mu da ta ba ki."

*

Rana ta karkata sosai lokacin da aka taru a gindin mangwaro. Lauwali yana tsaye kusa da babur ɗinsa, ya riga ya ɗaure jakarsa a baya. Shamsu ya harɗe hannu. Ibrahim Khalil yana shafa gemu kamar mai ban-kwana da shi. Asma'u ta riƙo uwarta, jika ya biyo su da kujera, aka ajiye mata daga gefe ta zauna ta ja mayafi, don ga suruki a wurin.

Ango bai yi gaggawa ba. Da ma yana son taro.

"Ibrahim Khalil ya hau bulo, ya leƙa, ya yi kuka, ya sauka. Laihinai guda, tsegumi. Ku bar shi da wanzami." Aka yi dariya. "Saura wanda ba a gani ba cikin sahu."

Ya jawo buhun ya zazzage. Hon ɗin ya faɗo a tabarma yana ƙyalli. Sufyan ya yi salati. Inna Tasallah ta dafe ƙirji, mayafin ya zame ba ta sani ba.

"Wanga shi yat tahi tarba tasha, don shi ba ku mamaki in mota ta tashi. Can yay yi salla, direbobi shaida na. Shamsu, ga ɓarawonka."

Kunya ta rufe Shamsu har wuya, amma mai taurin kai ba ya faɗuwa sau ɗaya.

"To, Kawu, in ba shi na ba, wa na? Rota dai ba ta da ƙahwa."

"Gaskiya ta," Lauwali ya ce, murya a dake. "Hon bai wanke ni ba. Ana iya cewa na ɗauko wanga, na ɓoye wancan. Rantsuwata na nan. In rana ta hwaɗi ba a ga mai shi ba, na bar gidan ga har abada."

"Wace rantsuwa?"

Inna Tasallah ce. Ta dubi Asma'u, ta ga idanun da suka kumbura, ta dubi jakar da ke ɗaure a babur. Sai yanzu ta gane abin da aka wuni ana ɓoye mata.

Ango ya matso kusa da ita ya rage murya, amma ba yadda sauran ba za su ji ba.

"Ɓarawon ga ya share sawunai, ya kuwa iya shara. Sai dai zaune yay yi ta, shina ja da baya. Abin da yaz zauna bisa ƙahwa huɗu gare shi, ukku na itace, guda ta taɓa karewa wani direba yad dashe ta da ƙarhe da noti. Taubashiya, ara mini kujerar ga in duba wani abu."

"Ba ni ara ma," ta ce. "Baƙin maye. Tun muna yara ba ka bari mutum shi ci abu shi kaɗai."

Ta sa hannu a bakin zanenta ta fara kwance wani ƙulli. Da ta buɗe tafin hannunta, ga rota nan kwance, baƙa, 'yar mitsitsiya.

"Inna!" 'ya'yan suka haɗa baki.

"Ni ta. Na taka kujera nic cire ta, yadda ubanku ya koya mini tun ba a haihe ku ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Kahin motar ga, sai salla da salla nika ganinku. Ku kira ni ga waya, Inna ya jiki, Inna sai an jima. Da kunka hwara aikin ga, gidana ya cika. Ina dahuwa ana cinyewa. Ina jin hwaɗanku, ina jin jikokina. Jiya niz zauna nic ce, gobe in ta tashi, su ma sun tashi. Nic ce bari in ƙara ko wata shida. Ban san wuta za ni kunna ba."

Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka ɗaura auren Asma'u. Ta juya ta dubi surukinta ido da ido, ta yi masa magana kai tsaye.

"Ɗan Sagbana, ni na ɓarawon, kai anka zaga. Ka yahe mini."

Lauwali ya zame takalmansa ya durƙusa, kansa a ƙasa, yana ta faɗin "Haba Inna, haba Inna." Shamsu ya zo ya durƙusa a gefensa ya kama hannunsa da hannu biyu, yana ba da haƙuri yana haɗiye kuka. Asma'u kuwa kuka take da dariya a haɗe. Ango ya juya yana duban mangwaro, wai wani abu ya faɗa masa a ido.

"To, ya isa," ya ce. "Rana na tahiya. A ɗaura abin ga mu gani, ko gemun wani shi tsira."

Lauwali ya ɗaura rota, ya haɗa wayoyin hon a gurguje. Sufyan ya murɗa makulli. Sha-Taɓo ta yi tari sau biyu, ta tofar da baƙin hayaƙi a fuskar Ibrahim Khalil, sannan ta kama ruri. Yara suka ɓarke da ihu, mata suka rangaɗa guɗa. Da aka danna hon, tsofaffin unguwa suka firfito ƙofar gida, wata tsohuwa har da cewa a ɗora tukunya.

Aka ɗora Inna a gaba, da kujerarta a kan cinya don ta ƙi bari. Ango ya samu wuri a baya tsakanin jikoki. Suka zaga gari, suka gangara har bakin fadama, aka nemi taɓo da gangan aka shiga don a tabbatar da suna. A hanyar dawowa ƙofar baya ta ɓalle, giya ta uku ta ƙi shiga, wani abu kuma ya fara ƙara a ƙasa. Lauwali ya kasa kunne yana murmushi.

"Inna, da kin tambaye ni da ba ki wahala ba. Landiroba ba a gama gyaranta. Wagga ƙara kaɗai ta ishe mu har kaka."

Ana kiran magariba suka shigo garka. Sufyan ya kashe mota ya sauka, ya ɗaga murfin inji, ya ɓalle baƙin murfin nan ya ciro rota. Ya zagayo ya durƙusa a gaban uwarsa ya miƙa mata da hannu biyu.

"Mota ta kowa ta, amma wagga taki ta. Duk mai son hawa, shi zo gida shi roƙa."

Ta karɓa ta ƙulle a bakin zane, ta ja ƙullin da haƙori. Sannan ta waiwayi Ango, wanda ke saukowa da ƙyar yana dafe da gwiwa.

"Kai kuma, bawana, zabin nan ba biyu ba, ukku za ka kawo."